Jan Kati a Durƙushe

Gwiwa ce ta mayar da ni alƙalin wasa. Da ƙafata lafiya take, da har yanzu ina can baya ina tokare 'yan gaba, don a unguwarmu a Kano an san ni da taurin kai da taurin ƙwauri. To likita a nan ya duba hoton gwiwar, ya ce gudu a miƙe ba laifi, amma juyi da karo in yi musu bankwana. Sai na je na yi kwas, aka ba ni usur da katuna biyu. Tun daga nan, ranakun aiki ina ɗakin gwajin jini a asibiti, Asabar da Lahadi kuma ina filayen Maryland da Virginia ina raba faɗa tsakanin magidanta masu tumbi. Gasar 'yan sama da shekara arba'in ce aka fi tura ni. Ban taɓa ganin mutanen da bakinsu ya fi ƙafarsu gudu kamar su ba, kuma ina son aikin ƙwarai.

A cikin gasar akwai ƙungiyar mutanenmu, 'yan Kano da Kaduna da Zariya, da wasu 'yan Nijar, da 'yan zangon Kumasi da Akara. Kyaftin ɗinsu shi ne mutumin da nake kira Yaya. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba, amma layinmu ɗaya a gida, kuma shi ya je ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan da rigar sanyin aro. A ɗakin ƙasan gidansa na Lanham na zauna har na tsaya da ƙafata. Shi ya koya mini tuƙi a babban titin Beltway, yana zagina yana addu'a lokaci ɗaya. Injiniya ne, mutum mai kyauta, mai son a san yana wurin. Ya haura hamsin amma bai yarda a cire shi daga gaba ba, kuma gaskiya har yanzu ya iya bugu da ka.

A shekarar da nake ba da labarinta an sa ranar auren babbar 'yarsa. 'Yan'uwansa na jini ba su sami biza ba, sai ya kira ni gaban matarsa ya ce ni zan zama waliyyi, ni zan ba da ita. Yarinyar nan a kafaɗata ta yi wayo. Ni nake kai ta makaranta lokacin da nake zaune da su, tana ba ni amsa da Turanci ina mayar mata da Hausa har muka saba a haka. Da Yaya ya faɗa mini maganar waliyyin, sai da na shiga mota na share hawaye. Ba ni da wani abu a ƙasar nan da ya kai wannan matsayin daraja a wurina, har na aika gida a ɗinko mini babbar riga.

Akwai kuma wata ƙungiya a gasar, wadda kyaftin ɗinta ke ɗaura ƙyalle mai launin bakan gizo a damtse. Maza masu son maza ne suka kafa ta, saboda sun gaji da buga ƙwallo suna ɓoye ko su waye. Ba su kaɗai ne a ciki ba. Akwai masu mata da 'ya'ya, akwai wani da ya shiga don kawai filin atisayensu ya fi kusa da gidansa. Na hura musu wasa sau da dama. Suna da ƙorafi kamar kowa, suna faɗuwar ƙarya kamar kowa, kuma ɗan bayansu na hagu mugun mai shura ne, na sha ba shi katin gargaɗi. Su ne suka matsa wa masu shirya gasar lamba har aka rubuta a doka cewa duk wanda ya ci mutuncin ɗan wasa a kan wanda yake so, jan kati ne kai tsaye, daidai da wanda ya zagi launin fatar wani. Aka ƙara da cewa ko da wane harshe aka yi zagin. A taron alƙalai na ga wannan ƙarin, na yi murmushi, don na san mutanena.

Mu dai mun ɗauki Hausa a ƙasar nan kamar ɗakin da muke shiga mu kulle. A layin kanti, a jirgin ƙasa, a gaban maigida a wurin aiki, sai mu faɗi abin da muka ga dama muna murmushi, mun tabbata ba mai ji. A fili kuwa abin ya fi yawa. Ɗan wasanmu zai dafa kafaɗar Bature yana dariya yana ambatar uwarsa, shi kuwa Baturen yana gyaɗa kai.

Golan waccan ƙungiyar ɗan zangon Kumasi ne, dogo, mara magana, yana aikin kula da tsofaffi a Hyattsville. Kafin ya koma can, shi ne golan mutanenmu shekara da shekaru, kuma ba su taɓa samun kamarsa ba. Wata rana wani ya gan shi a cikin gari tare da abokin zamansa, labari ya zagaya. Ba wanda ya kira shi ya ce masa komai. An cire lambarsa daga gurup ɗin waya, aka canza filin atisaye. Ya zo wata Lahadi da safar hannunsa ya tarar da fili ba kowa. Ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, daga baya na ji labarin a bakin wani mai kanti, yana ba ni yana dariya. Bayan wani lokaci sai na gan shi a ragar masu bakan gizo. Mukan gaisa da ka. Da Turanci yake magana da kowa, har da ni.

Ba a saba ba ni wasan mutanenmu ba, ni ma ba na nema. Amma a makon da aka haɗa ƙungiyoyin biyu, alƙalin da aka sa ya kwanta mura, ba wanda ke kusa sai ni. Na kira kyaftin ɗin masu bakan gizo, wani Bature mai sanƙo, malamin firamare, na gaya masa cewa kyaftin ɗin abokan karawarsu kamar wa yake a wurina, in bai yarda ba a ɗage wasan. Ya ce ya ga hurawata, ya yarda. Yaya kuwa da ya hango ni na fito daga mota da baƙar riga, sai ya ɗaga hannu sama.

“Jama'a, yau namu ne da usur!”

Na je na rusuna na gaishe shi kamar kullum, na tambayi mutanen gida. Sannan na ce, “Yaya, a taimaka a ja wa yara kunne. Kunnena yana aiki yau.”

“Kai dai hura abinka,” in ji shi, ya dafa kaina.

Safiya ce ta kaka, a wani filin makaranta a Springfield, ganyaye sun yi ja sun zubo har kan layi. Matan mutanenmu sun zo da kulolin abinci, masu bakan gizo sun zo da karnuka da kujerun naɗewa. Aka take wasa. Da farko lafiya lau, sai dai duk sanda ƙwallo ta je hannun golan nan, sai in ji wani guna-guni daga baya, da tafi irin na mata, da 'yar dariya. Na juya ban gane bakin wa ba. Ba na hukunta abin da ban tabbatar ba, amma raina ya fara ɓaci. Golan ya yi kamar bai ji ba, sai dai na ga ya saki wata ƙwallo mai sauƙi da ko ni da gurguwar gwiwata zan kama.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na je har inda mutanenmu ke shan ruwa. Na yi musu magana da Hausa, a hankali, don kada in tona musu asiri a gaban baƙi. Na ce dokar nan ta shafi kowane harshe, kuma wanda na kama zai fita. Wani likita ɗan Zariya ya ce, “Haba rafali, wasa ne fa.” Na ce to a yi wasan da ƙafa. Yaya yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba.

Can cikin zagaye na biyu, ɗan bayan hagun nan mai shura ya kwashe ƙafar ɗan gabanmu a cikin da'ira. Ban yi wata-wata ba na nuna fanareti. Masu bakan gizo suka yi ta ƙorafi, na kore su. Yaya ya ɗauki ƙwallo ya ajiye a kan ɗigo, ya ja da baya, ya riƙe ƙugu. Fili ya yi tsit. Sai ya dubi golan, yana murmushi irin wanda muke yi wa Turawa, ya ɗaga murya.

“Kai ɗan daudu, gyara tsayuwa. Yau namiji ne zai buga maka.”

Mutanenmu suka fashe da dariya. 'Yan waccan ƙungiyar suna ta kallon juna, wasu ma har sun fara murmushi, sun zaci barkwanci ne na tsofaffin abokai. Ni golan na duba. Ya sa haƙori ya ɓalle maɗaurin safar hannunsa ta dama, ya zare ta, ya fara ɓalle ta hagu. Na gane tafiya zai yi, kuma na san in ya bar wannan ragar ba shi da wata ragar da zai koma.

Na hura usur da ƙarfi har kunnena ya yi ƙara.

Daga inda nake zuwa inda Yaya yake tsaye ba nisa, amma a wannan 'yar tafiyar na tuna babbar rigar da ke hanya, na tuna ɗakin ƙasan Lanham. Hukuncin dai ban yi shakkarsa ba, na ji da kunnena kuma na riga na yi gargaɗi. Abin da ya dame ni shi ne yadda zan yi. A yadda aka koya mana, alƙali yakan tsaya ƙyam a gaban ɗan wasa, ya miƙe hannu sama da kati, ya nuna masa hanyar waje. Ni kuwa tun da nake ban taɓa tsayawa a kan Yaya ina nuna masa yatsa ba. A gidanmu ƙane ba ya yi wa wa haka a gaban jama'a, ko da wan ne ba shi da gaskiya. Jikina ne ya yanke shawarar kafin kaina. Na isa gabansa, na durƙusa a kan gwiwar mai lafiya, na zaro jan katin da hannun dama, na tallafe gwiwar hannun da hagu, na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

“Yaya, Allah ya huci zuciyarka. Ka fita.”

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. “Ni? Ni kake ba kati?”

“Kai ne, Yaya.”

“Me na yi? Hausa fa na yi.”

“Hausar na ji.”

Kafin in miƙe mutanenmu sun kewaye ni. Wannan yana cewa in ji tsoron Allah, wancan yana cewa na ci amanar gida. Likitan nan ɗan Zariya ya matso kusa da kunnena ya ce, “Rafali, wa ya ji in ban da kai? Mayar da katin aljihu, a wuce wurin.” Na nuna masa golan da haɓa na ce, “Shi ya ji. Don ya ji aka faɗa.” Kyaftin ɗin masu bakan gizo ya zo yana tambayar me ya faru, me ya sa na durƙusa, ko gwiwar ce. Na gaya masa abin da aka faɗa da Turanci, ban rage ba ban ƙara ba. Fuskarsa ta yi ja har sanƙon, amma ya juya ya tare 'yan wasansa, ya ce kowa ya koma wurinsa.

Yaya ya cire ƙyallen kyaftin ya jefar a ƙasa, ya fita bai waiwaya ba. Na ji ƙarar ƙofar motarsa daga tsakiyar fili. Na juya wurin golan, na yi masa magana da Hausa karo na farko.

“Malam, fanaretin yana nan. Za ka tsaya ko in nemi wani?”

Ya dubi safar da ke hannunsa, sannan ya mayar da ita, ya ja maɗaurin da haƙori. Wani ɗan Nijar ne ya buga. Golan ya bi ƙwallon daidai, yatsunsa sun taɓa ta, amma ta shige. Ya tashi yana kakkaɓe ciyawa, ya yi wa mai bugun ihu da Hausarsu ta zango, “Kai cale, abokina, sa'a ce kawai! Har yanzu ba ka iya ba!” Ɗan Nijar ɗin ya tuntsire da dariya kamar yadda suka saba a da, sai kuma ya tuna, ya dubi 'yan'uwansa ya tsuke baki. Da wannan ƙwallo ɗaya mutanenmu suka ci wasan, su goma. Ba wanda ya kira ni wurin kuloli.

A makon nan wayata ba ta huta ba. Dattawa biyu suka zo har gida, suka ce in rubuta a rahoto cewa gardama ya yi da alƙali, don hukuncin ya yi sauƙi kuma kada sunansa ya ɓaci. Na ba su shayi, na raka su har mota, na rubuta abin da ya faru. Aka dakatar da Yaya wasanni da dama. Wani ya tare ni bayan sallar Juma'a yana tambayata ko yanzu na koma goyon bayan abin da addini ya hana. Na ce masa ni ba a ba ni usur don in leƙa ɗakin kowa ba, an ba ni ne don in tsare mutum ashirin da biyu a fili, kuma ban san malamin da ya koya mana cin mutuncin mutum a bainar jama'a ba. Matata kuwa ta saurare ni har na gama, ta ce, “Ka yi daidai. Amma ka jawo mana, kuma ni ce zan haɗu da matarsa a wurin rabon anko.”

Na bar kwanaki suka ɗan wuce, sannan na je Lanham. Matarsa ta buɗe mini, ta kawo ruwa, idonta ya yi ja. Na daɗe a falo kafin ya sauko. Na zame daga kujera na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya zauna yana kallon talabijin da ba a kunna ba.

“Ka san abin da ya fi ƙona mini rai?” in ji shi. “Durƙuson nan. Da ka tsaya a kaina ka ɗaga katin kamar Bature, da na ce yaro ya yi rashin kunya, in zage ka, a ba ni haƙuri, shi ke nan. Amma ka durƙusa. Duk wanda na kai wa ƙararka sai ya ce ai an ce har ƙasa ya kai. Ka kore ni kuma ka hana ni abin faɗa.”

“Ban yi don haka ba, Yaya. Ban san wata hanyar yi maka magana ba.”

“Kana nadama?”

“Ina baƙin cikin ɓacin ranka. Katin kuwa ko gobe aka maimaita zan bayar.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce maganar waliyyi ya sake shawara, likitan nan ɗan Zariya zai tsaya. Na ce Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Na yi masa sallama na fita.

Ranar ɗaurin auren na je, don ba a ce kada in zo ba. Na sa babbar rigar da aka ɗinko, na zauna a sahun baya tare da samari masu latsa waya. Daga can na ji liman ya tambayi waliyyi, na ji muryar wani mutum, wanda bai san ko wace makaranta yarinyar ta yi ba, yana cewa ya bayar. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Na sunkuyar da kai na yi mata addu'a, na shafa tare da kowa.

Da aka tashi, Yaya ya bi jama'a yana gaisawa, ana ta yi masa Allah ya sanya alheri. Na tsaya a gefen ƙofa, ban matsa ba ban kuma gudu ba. Da ya iso kaina sai ya miƙo hannu, na rusuna na karɓa da hannu biyu. Bai saki ba. Ya dubi gefe, ya rage murya.

“Yaron nan, yana nan yana kama ƙwallo?”

“Yana nan, Yaya. Makon jiya ma na hura musu.”

“Hm. Tun da ya tafi ba mu sami gola ba.”

“Ba tafiya ya yi ba, Yaya.”

Ya daɗe yana dubana, hannuna a cikin nasa, mutane suna jira a bayansa.

“Na sani,” ya ce. Sannan ya sake ni, ya wuce wurin baƙi.